Harshen Bima: Maƙwabci Daban, Dangi Daban

A taswira, Sumbawa tsibiri ɗaya ne cikin dubban tsibiran Indonesiya, amma bakin mutanensa biyu ne. Na yamma suna yin harshen Samawa, ɗan'uwan Sasak na Lombok da harshen Bali. Na gabas kuwa, mutanen Bima da Dompu, nasu suke yi, wanda suke kira Nggahi Mbojo. Duka biyun 'ya'yan babban gidan harsunan Ostironesiya ne, amma zumuntar ta yi nisa har ba sa jin juna. In sun haɗu a kasuwa, da harshen Indonesiya ake ƙulla ciniki.

To ina dangin Bima suke? A 1938 masanin harsuna ɗan Holan, S. J. Esser, ya haɗa shi rukuni ɗaya da harsunan ƙetaren ruwa ta gabas, irin su na Sumba da Sawu da Manggarai na tsibirin Fulores. Shekara saba'in ana tafiya a kan haka, sai a 2008 Robert Blust ya sake tankaɗe hujjojin. Ya yarda Sumba da Sawu shaƙiƙai ne, amma bai ga abin da ya isa a cusa Bima cikinsu ba. Kama da wane ba ta wane ba ce, musamman a wurin da jirage suka daɗe suna kai da komo. Sarautar Bima ta jima tana juya Manggarai, kuma inda haraji ya bi, kalmomi ma kan bi.

Kunnen Bahaushe ba zai sha wuyar wannan harshe ba. Yana da ɓ da ɗ irin namu, kuma kalmominsa da wasali suke ƙarewa; ko ta aro ce ta zo da baƙi a wutsiya, sai a guntule shi.

Wani tasirin daga arewa ya zo. Da taimakon daular Gowa ta Makasar aka naɗa Abdul Kahir sarkin musulunci na farko a Bima a 1640, auratayya kuma ta ƙullu tsakanin fadojin biyu. Abin mamaki, kundin fadar, Bo Sangaji Kai, ba da harshen Bima aka rubuta shi ba, da Malay ne cikin haruffan Larabci, wato ajaminsu. Harshen gida kuwa, sai a 1893 J. C. G. Jonker ya fitar da ƙamusunsa, nahawu ya biyo a 1896.

Maƙwabci ɗaya kam ya tafi ba waiwaye. A Afrilun 1815 dutsen Tambora ya yi aman wuta, ya shafe masarautar Tambora da harshenta. 'Yan kalmomin da suka tsira suna cikin littafin tarihin Java da wani marubuci mai suna Raffles ya fitar a 1817, kuma a 2007 Mark Donohue ya nuna ba na gidan Ostironesiya ba ne sam, ya danganta su da irin harsunan yankin Papuwa.