Filutoniyam a Hamadar Aljeriya

Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da Reggane, a Saharar Aljeriya, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkinta. Gerboise Bleue aka raɗa masa. Uku suka biyo baya a sararin sama, sannan aka koma gwaji cikin dutse a In Ekker, inda aka yi 13 zuwa 1966. Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 saboda aika-aikar Reggane.

Ba duk filutoniyam ɗin da ke cikin bam ne ke ƙonewa ba. Ragowar yakan watsu. A Reggane zafin fashewar ya narkar da rairayi, ya daskare ya zama baƙaƙen gutsattsari kamar fasasshiyar kwalba, da gubar a ƙulle ciki. Filutoniyam-239 sai ya shekara kusan 24,100 kafin rabinsa ya lalace. Ba ya narkewa a ruwa da sauƙi, manne wa ƙasa yake yi. Tururin da yake fitarwa ko fatar mutum ba ya ratsawa, amma in an shaƙe shi cikin ƙura sai ya zauna a huhu, daga baya ya kai ƙashi da hanta, ya iya haddasa cutar kansa.

A In Ekker, gwajin Béryl na 1 ga Mayun 1962 ya ƙwace, narkakken dutse da ƙura suka fito daga ramin. Da Faransa za ta tashi daga wuraren gwajin a 1967, ta binne motoci da ƙarafan da suka gurɓata a cikin rairayi, kuma Aljeriya ta daɗe tana neman taswirar wuraren. Mutane sun riƙa kwasar ƙarfe da wayar tagulla daga can ba su san abin da suka ɗauka ba. Sai a 1999 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta je aune-aune. Jinkirin ya yi yawa.

An daɗe ana zargin iska na kai gubar Reggane nesa. Masana sun binciki jar ƙurar Sahara da ta lulluɓe yammacin Turai a Maris na 2022: filutoniyam ɗin da suka samu ɗan kaɗan ne, bai kai ya cutar ba, kuma alamarsa ta gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyet ce, ba ta Faransa ba.