Yadda ake farautar siginar rediyo mai ɓullowa ta ɓace, daga Kete Krachi zuwa Bawku

A garuruwan Gana irin su Kete Krachi, Salaga, Yendi da Bawku, matsalar da ta fi wahalar da injiniyoyin sadarwa ita ce wadda ba ta tsayawa a gan ta. Kira yakan tsinke ana tsakiyar magana, tura kuɗi ta waya ya maƙale, ko wata murya ta kutso cikin shirin rediyo na ɗan lokaci sannan ta ɓace. Kafin ma'aikaci ya iso da na'urarsa komai ya koma daidai, allo kuma ya nuna babu abin da ya faru. Irin wannan katsalandan sau da yawa sigina ce mai gajeren rai ke haddasa shi, kuma kama ta ya fi dogara ga lokaci fiye da ƙarfin na'ura.

Mece ce na'urar auna zangon rediyo?

Rediyo, talabijin, wayar salula, oba-oba da na'urorin jiragen sama duk iska ɗaya suke rabawa, kowa da mitar da aka ware masa. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 87.5 da 108. Daga 108 zuwa 137 na jiragen sama ne, inda matuƙa ke magana da hasumiya daga 118 zuwa sama. Jiragen ruwa suna kiran neman agaji a kan 156.8, wayoyin GSM kuwa suna aiki a kewayen 900 da 1800.

Na'urar auna zango tana zana wannan rabo a kan allo: mita daga hagu zuwa dama, ƙarfin sigina daga ƙasa zuwa sama. Duk mai watsa wani abu yakan fito kamar tsini. Ta hannu ana rataya ta a kafaɗa, tana aiki da batir, ana haɗa mata eriya. Kamfanoni irin su Rohde & Schwarz, Anritsu, Keysight da Tektronix ne ke ƙera masu tsada. Akwai kuma ƙanana masu araha irin su tinySA da RTL-SDR, waɗanda masu gyaran rediyo da ɗalibai ke iya mallaka.

Siginonin da ba sa zama

Siginar tashar FM tana nan dare da rana, don haka ganin ta ba wuya. Amma yawancin na'urorin zamani a gutsure suke magana. Wayar GSM tana aika saƙonta ne cikin kimanin kashi 577 cikin miliyan na sakan, sannan ta yi shiru ta bar wa wasu wayoyi bakwai fili kafin layinta ya sake zagayowa. Bluetooth yana sauya mita sau 1,600 a sakan guda, a kan hanyoyi 79. Na'urar neman agaji ta jiragen ruwa da na sama, mai aiki a kan megahaz 406, tana aika saƙon kusan rabin sakan ne sau ɗaya a kowane sakan 50 ko makamancin haka.

Akwai kuma siginonin da babu wanda ya yi niyyar aika su. Tartsatsin fulogin babur, walda, waya mai kwance a kan falwaya, inbata ta sola ko ƙwan lantarki marar inganci, da walƙiyar damina, duk suna watsa hayaniya a iska. Wani lokaci tashoshi biyu masu lasisi ne ke haifar da ta uku ba da saninsu ba. Idan siginar tasha mai megahaz 107 ta cakuɗu da ta mai 95 a cikin na'ura marar tacewa ko a mahaɗin ƙarfe mai tsatsa, ana iya samun sabuwar sigina a kan 119, wato ninki biyu na 107 a cire 95. Wannan mita ce ta matuƙan jirgin sama, irin waɗanda ke sauka a Tamale. Ba ta fitowa sai lokacin da tashoshin biyu ke kunne tare, shi ya sa take zuwa tana tafiya.

Dalilin da ya sa na'ura ke kuskure ta

Tsohon salon na'urar, wanda har yanzu ya fi yawa, shara yake yi. Yana buɗe ƙaramar taga, ya ja ta daga farkon zango zuwa ƙarshe, ya dawo ya sake. Kamar mai gadin kasuwa ne da tocila cikin dare: rumfar da ya haska kawai yake gani, sauran suna cikin duhu har ya zagayo.

Lissafin mai sauƙi ne. A ɗauka na'ura tana share faɗin megahaz 100 cikin sakan guda, da taga mai faɗin kilohaz 100. Kowane gurbi yana samun kashi ɗaya cikin dubu na sakan ne kawai. Idan siginar da ake nema tana ɗaukar kashi goma cikin dubu na sakan, damar cin karo da ita a kowane fitowa kusan ɗaya ce cikin ɗari. Idan sau ɗaya take fitowa a minti, ma'aikaci zai iya zaman awa ɗaya da rabi kafin ya gan ta sau guda, alhali ta fito sau casa'in a gabansa. Idan ya rage faɗin zuwa megahaz 10, sharar ta koma kashi ɗaya cikin goma na sakan, damar ta zama kusan ɗaya cikin goma, jiran kuma ya sauko zuwa mintuna tara ko goma.

Akwai wani tarko kuma. Domin a ga sigina mai rauni, dole a ƙuntata tagar don hayaniya ta ragu. Amma a irin wannan na'ura, idan aka raba faɗin tagar biyu, lokacin shara yakan ninka har sau huɗu. Wato duk yadda aka ƙara kaifin ido, haka ake ƙara tsawon makanta. Saboda haka rahoton da ya ce ba a ga komai ba bai isa hujjar cewa babu komai ba, sai an san tsawon lokacin da aka saurara da kuma irin na'urar da aka yi amfani da ita.

Na'urar da ba ta ƙiftawa

Sabon salon ba ya shara. Yana ɗaukar wani yanki na zango gaba ɗaya, ya mayar da shi lambobi, sannan ya rarraba shi mita-mita da lissafin da ake kira FFT, wanda James Cooley da John Tukey suka bayyana a 1965 bisa aikin masanin lissafin Faransa Joseph Fourier. Ana yin lissafin dubban sau a sakan, kowane yana hawa kan na baya kaɗan, don kada a bar giɓi. A takardar bayanin irin wannan na'ura, adadin da ya fi muhimmanci shi ne mafi gajeren lokacin da sigina za ta ɗauka kuma a tabbata an kama ta da cikakken ƙarfinta. A na'urori masu kyau wannan lokaci 'yan kashi ne cikin miliyan na sakan.

Iyakarta ita ce faɗin abin da take gani a lokaci guda. Ƙaramar RTL-SDR tana ganin kusan megahaz 2.4 ne kawai, masu tsada na hannu kuma gommai zuwa sama da ɗari. Don haka ko da na'urar zamani, sai an san unguwar da za a tsare.

Dabarun aiki a fili

Ma'aikata suna da hanyoyi kaɗan da suke haɗawa. Na farko shi ne riƙe mafi tsayi: allo yana ajiye mafi ƙarfin abin da ya taɓa gani a kowace mita, ko da ya wuce. Wannan yana nuna inda siginar take, amma ba ya faɗin yaushe ta zo. Na biyu shi ne zanen da ke gangarowa kamar ruwa, inda kowane layi lokaci ne, launi kuma ƙarfi. A nan ne ake gane ɗabi'ar sigina: ko tana zuwa a kan ƙa'ida, ko tana tsalle, ko tana zamewa a hankali yayin da rana ke zafafa ƙarfe. Na uku shi ne kafa tarko: a zana iyaka a kan allo, duk abin da ya tsallake ta na'urar ta adana shi da sa'arsa, ko ma'aikacin yana barci. Idan an gano mitar, sai a tsayar da na'urar a kanta kaɗai a auna tsawon siginar da tazarar da ke tsakanin fitowarta, domin waɗannan ne ke nuna irin na'urar da ke aika ta.

Bayan haka sai neman wurin. Ana amfani da eriya mai fuskantar gefe guda, a juya ta har siginar ta fi ƙarfi, a ja layi a taswira. A matsa wani wuri a sake. Inda layuka biyu ko uku suka haɗu, nan ake nufa. Da sigina mai gajeren rai wannan yana cin lokaci, domin tana iya ɓacewa kafin a gama juya eriya, kuma rufin kwano yana mayar da ita ta wata fuska. Idan an kusanto tushen, dole a rage ƙarfin abin da ke shiga na'urar, in ba haka ba ita kanta za ta fara ƙirƙiro siginonin ƙarya.

Abin da ya sa yankin ya bambanta

Kete Krachi, a jihar Oti, tana bakin tafkin Volta. Tsohon garin Kete, inda fatake Hausawa suka taru bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, kuma inda Alhaji Umaru ya yi limanci har rasuwarsa a 1934, ruwa ya cinye shi bayan kammala madatsar Akosombo a 1965. Yau jama'a suna tsallaka tafkin da jirgin fito da kwalekwale, kamar yadda masu zuwa Salaga daga kudu ke tsallakawa daga Yeji zuwa Makango. Tafkin cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, kuma idan hatsari ya auku a tsakiya, kiran waya ko na oba-oba ne hanyar neman ceto. Shimfiɗaɗɗen ruwa kuma yana barin sigina ta yi nisa, a wasu safiyoyi ma yanayin iska yakan kai siginar FM nesa da inda aka tsara mata, ta danne wata tasha na 'yan sa'o'i.

Yendi ba ta da nisa da iyakar Togo, Bawku kuwa tana kusurwar da Gana, Togo da Burkina Faso suka haɗu. Sigina ba ta san shingen kwastan ba. Waya takan kama turken wata ƙasa mai ita bai motsa daga shagonsa ba, tashar ƙetare kuma takan shigo kan ta gida. Rabon mitocin FM tsakanin ƙasashen Afirka da Turai yana bin yarjejeniyar Geneva ta 1984, ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda masu Faransanci ke kira UIT. Idan tushen katsalandan yana hayin iyaka, injiniyan Gana ba shi da ikon bin sa. Sai dai hukumarsa ta miƙa awon da ta yi ga takwararta, wato ARCEP a Togo ko a Burkina Faso, kuma awon da babu sa'a da wuri a jikinsa ba ya amfani.

Yankin ya daɗe da sanin darajar rediyo. Kete Krachi da Yendi suna cikin Togo ta Jamus kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Kamina, kusa da Atakpame, Jamusawa sun gina babbar tashar rediyo mai magana da Nauen a ƙasarsu, kuma ita ce abin da sojojin Ingila da Faransa suka nufa a watan Agustan 1914. Jamusawan sun rusa ta da hannunsu kafin su miƙa wuya a ranar 26 ga watan.

Wa ke da alhakin sa ido?

A Gana aikin na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ne, NCA, wadda aka kafa da dokar 1996, kuma take aiki yanzu da dokoki masu lamba 769 da 775 na shekarar 2008. Ita ke ba da izinin amfani da mita, ita ke amincewa da nau'in na'urorin sadarwa da za a shigo da su, kuma tana da ofisoshi a Tamale, Bolgatanga da Ho. A 2017 ta hukunta tashoshin FM 131 bayan binciken lasisi, a watan Fabrairun 2024 kuma ta rufe tashoshi huɗu a Bawku bisa shawarar hukumomin tsaro. Waɗannan duk masu adireshi ne, ba sai an yi farautarsu ba. Masu wuyar kamawa su ne ƙananan na'urori a gidaje da shaguna: busta ta ƙara sabis da aka sayo a kasuwa, wadda kan yi kuka ta toshe turken unguwa idan eriyoyinta biyu sun kusanci juna, ko wayar gida marar igiya da aka ƙera don Amurka, mai aiki tsakanin megahaz 1920 da 1930, daidai inda wayoyin 3G ke aika saƙo zuwa turke a Afirka.

Gudummawar mai ƙorafi

Tunda na'ura ba za ta iya tsare dukan zango dare da rana ba, bayanin mazauna wuri shi ke rage faɗin farauta. Mai shagon tura kuɗi ko ma'aikacin tashar rediyo da ya rubuta rana, sa'a da tsawon lokacin da matsalar ta ɗauka har na mako guda ya ba injiniya abin da allo ba zai ba shi ba. Yana da amfani a lura ko tana zuwa ne idan an kawo wuta ko an tada janareta, ko bayan ruwan sama, ko ranar kasuwa, ko tun da wani maƙwabci ya kafa sabuwar eriya. Ana fara kai ƙorafi ga kamfanin layin, idan bai magance ba a wuce NCA. Wanda kuma ya mallaki ƙaramar na'urar awo, musamman a wuri mai dokar tsaro kamar Bawku, ya kamata ya sanar da hukuma kafin ya fita yawo da eriya a hannu.