Clem Thomas: Mahaucin da Ya Buga wa Wales, Ya Kuma Rubuta Tarihin Wasansa

A ƙasar Hausa, dambe wasan mahauta ne tun asali. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, sukan bi garuruwa suna gwada ƙwanji. Shi ya sa labarin Clem Thomas, mahaucin birnin Swansea da ke yankin Wales na Birtaniya, ba zai zama baƙo a kunnen mutumin Birnin Kudu ko Gwaram ba, ko da bai taɓa ganin ƙwallon zari-ruga ba.

Wasan na mutum 15 ne a kowane ɓangare. Takwas daga ciki su ne 'yan gaba, ƙarfafan da ke haɗa kafaɗu su tunkuɗi abokan karawa domin ƙwace ƙwallo. Gurbin Thomas a gefen wannan cincirindo yake, inda ake buƙatar ƙarfi da zafin nama a lokaci guda.

An haife shi a 1929. Ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, ya buga wa ƙungiyar Swansea, sannan ya wakilci Wales sau 26 tsakanin 1949 da 1959, ya riƙe kyaftin a wasanni 9. A wancan zamani dokar wasan ta haramta biyan ɗan wasa albashi, kuma ba a ɗage ta ba sai 1995. Don haka da cinikin nama a sari yake ci da gidansa.

Ranar da ta ɗaukaka sunansa ita ce 19 ga Disamba, 1953, a filin Arms Park na Cardiff. Wales na karawa da New Zealand, ƙasar da kowa ke shakka a wannan wasa. Ana kunnen doki 8 da 8, lokaci ya kusa cika, sai ƙwallo ta faɗa hannun Thomas a bakin layin gefe, abokan gaba sun rufe masa hanya. Al'adar ɗan gaba ita ce ya rungume ƙwallo ya kutsa. Shi kuwa sai ya sa ƙafa ya cilla ta can ɗaya ɓangaren filin, inda Ken Jones, ɗan tseren da ya ci azurfa a gasar Olamfik ta 1948, ya cafe ta ya dire a bayan layi. Aka tashi 13 da 8. Tun daga ranar Wales ba ta sake doke New Zealand ba.

A 1955 ya bi tawagar Lions, wadda ke haɗa zaratan Birtaniya da Ireland, zuwa Afirka ta Kudu. Da ya yi ritaya sai ya koma aikin jarida, ya daɗe yana rubuta wa jaridar The Observer labarin zari-ruga, ya kuma wallafa littafin tarihin Lions. Ya rasu a 1996.

Abin da ya sa muka san ranar, da filin, da makin, shi ne an rubuta su. Namu gwarazan kuwa bakin makaɗa ne ya adana su. Sunan Shago ya ɗore saboda Ɗan Anace ya waƙe shi, amma waƙa kirari take riƙewa, ba ta ƙirga karo nawa aka yi ko a wace shekara. Ɗan damben da bai samu makaɗi ba, da zarar tsaransa sun ƙare, shi ke nan.

Mutanen da suka zana shanu a Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu sun bar mana shaidar abin da suka gani. Dattawan da suka kalli damben shekarun 1960 da 1970 a Birnin Kudu da Gwaram suna raguwa kowace shekara. Wayar da ke aljihunmu ta isa ɗaukar muryarsu, kuma tambayoyin ba su da yawa: wa ya kara da wa, a wane dandali, wa ya yi kisa?