Gawo da Doka: Tarihin Sassabin Zamani a Ƙasar Maraɗi

A shekarar 1935 Turawan Faransa suka kafa dokar daji a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu, wadda ta sanya itatuwa irin su gawo ƙarƙashin tsaron hukuma. Nijar ta gaji wannan tsari, ta kuma sabunta shi a 1974. Daga nan itacen da ke gona ya zame wa manomi abin jawo tara, saboda haka sai ya riƙa sare tsiro tun yana ƙarami.

Bayan farin 1973 an yi ta dashe, amma akasarinsa bai rayu ba. A 1983 Tony Rinaudo ya lura cewa kututtukan da ke gonakin Maraɗi suna da rai. Aka fara sassabin zamani, watau manomi ya zaɓi 'yan tofo masu ƙarfi ya raina, ya sassabe sauran. Da hukuma ta sassauta, musamman da dokar daji ta 2004, sai amfanin itacen ya koma ga mai gona. Masana sun kiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo a kudancin Nijar.

Ashe saiwar tana nan tun farko, mai ita aka hana kula da ita.