Manaja a Takarda, Lebura a Kanti: Kuɗin Ƙarin Lokaci da Sasancin Dole a Amurka

Tsakure

Maƙalar ta yi jayayya da masu ganin cewa ɗaga ma'aunin albashin manaja shi ne maganin zaluntar ƙananan manajoji a Amurka. Hujjarta ita ce, yarjejeniyar sasanci ta dole ta toshe babbar hanyar da ake tona wannan zalunci, wato ƙarar haɗin gwiwa.

Gabatarwa da waiwaye

Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 ta wajabta biyan lada ɗaya da rabi kan kowace awa bayan awa 40 a mako, amma ta cire manajoji. Mafi yawan muhawara ta tsaya kan ma'aunin albashin da sai manaja ya kai shi kafin a cire shi: dala 455 a mako a 2004, sai 684 daga 2020, sannan ƙarin 2024 da wata kotun tarayya a Texas ta soke a Nuwamban shekarar. Wannan cecekuce ya rufe ido ga sharaɗin da ya fi nauyi: me manajan ke yi da yininsa? Mai bincike Alexander Colvin ya kusanci batun a 2018, inda ya ƙiyasta cewa ma'aikata kusan miliyan 60 na ƙarƙashin sasancin dole, sai dai bai ware manajoji ba.

Hanyar bincike

An nazarci hukunce-hukunce biyu, aka kwatanta su.

Sakamako

A shari'ar Morgan da kamfanin Family Dollar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2008 da diyyar dala miliyan 35.6 ga manajojin kanti 1,424. Shaidu sun nuna kashi 80 zuwa 90 na lokacinsu yana ƙarewa ne a sauke kaya daga mota, jera su a kanta, karɓar kuɗi da wanke bayi, awa 60 zuwa 70 a mako. Ragamar kanti kuwa tana hannun manajan yanki da kundin umarnin kamfani. Da mutum ɗaya ne ya kai kuka, da kamfani ya ce matsalar kantinsa ce kawai. Yawansu ne ya nuna cewa tsari ne daga sama, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 2018 Kotun Ƙoli, a shari'ar Epic Systems da Lewis, da rinjayen alƙalai 5 kan 4, ta jingina da dokar sasanci ta 1925 ta amince wa kamfanoni su hana ƙarar haɗin gwiwa. Yanzu manajan da ya sa hannu ranar ɗaukarsa aiki zai gurfana shi kaɗai gaban mai sasanci, galibi a asirce, kan kuɗin da ba lallai ya kai ladan lauya ba.

Iyakar bincike

Gaskiya ne shari'o'i biyu ba su wakiltar ƙasa guda, kuma sasanci kan fi kotu sauri. Amma saurin bai amfani wanda bai shigar da ƙara ba.

Kammalawa

Duk gyaran da ya taɓa albashi ya bar dokar 1925 yadda take, ba zai dawo wa manajan kanti hanyar da mutum 1,424 suka bi ba.