Yadda Calibre Ta Zama Tafintar Littattafai

A shekarar 2006 kamfanin Sony ya fitar da na'urar karanta littafi mai suna PRS-500. Kovid Goyal, ɗan Indiya da ke karatun digirin digirgir a Caltech ta Amurka, ya saye ta, sai ya tarar ba ta jituwa da Linux ɗin kwamfutarsa. Ya zauna ya rubuta manhajar da za ta riƙa tura mata littattafai. Ita ce aka raɗa wa suna Calibre a 2008.

A lokacin kowane kamfani da irin fayil ɗinsa. Sony na da LRF. Amazon ya sayi Mobipocket a 2005, ya ɗora Kindle a kan MOBI. EPUB kuwa sai 2007 ya fito. Calibre ta shiga tsakani, tana juya wannan zuwa wancan, kyauta. Amazon bai fara karɓar EPUB ba sai 2022, kuma ban yarda mantuwa ce ba.

Mu namu ciwon daban ne. Tsofaffin rubuce-rubucen Hausa da aka buga da haruffa na musamman kafin Unicode ya yaɗu, da ka juya su sai ƙasa ta koma }asa. Na taɓa kwana uku ina gyara littafi ɗaya.