Sherif da Gidan Waƙafin Gunduma: Tarihin Tsarewa da Beli a Amurka

A Amurka, wanda aka kama da daddare ba kurkukun jiha ko na tarayya yake fara kwana ba. Gidan waƙafin gunduma ake kai shi, kuma a mafi yawan jihohi mabuɗin wannan gida yana hannun sherif, jami'in da mutanen gunduma ke zaɓa da ƙuri'a, galibi na wa'adin shekara 4. Ofisoshin sherif sun kai kimanin 3,000 a faɗin ƙasar. Su ke sintiri a karkarar da babu 'yan sandan birni, su yi gadin kotu, su kai sammaci, su kuma tsare masu jiran shari'a da waɗanda ɗaurinsu bai wuce shekara ɗaya ba. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke waɗannan gidaje ba a kai ga samun su da laifi ba, kuma da yawansu kuɗin beli ne ya hana su jiran ranar shari'a a ɗakinsu.

Muƙamin daga Ingila ya fito. Tun kafin Normawa su ci ƙasar a 1066, sarki yana da wakili a kowace gunduma mai tara masa haraji, mai zama a kotu, mai kuma gayyo maza su bi sawun ɓarawo. A 1166 Sarki Henry na Biyu ya ba da umarni a Clarendon cewa duk gundumar da ba ta da kurkuku a gina mata, a kuma damƙa shi a hannun sherif. Shekara huɗu kacal bayan haka, a 1170, koke-koken zalunci suka sa sarkin ya kafa bincike, ya tuɓe mafi yawan sherif-sherif. Yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 ma sai da ta hana sherif yanke hukunci a manyan ƙararrakin da suka shafi sarauta.

Beli larura ce ta haife shi. Alƙalan sarki zagaye suke yi gari-gari, kafin su iso wata gunduma sai a daɗe ana jira, kurkukun kuwa ga cuta ga sauƙin tserewa. Sai sherif ya riƙa sakin wanda ake tuhuma a hannun mutanen da suka san shi, su tsaya masa da dukiyarsu. Tun da shi kaɗai ke da ta cewa, abin ya koma ciniki: mai hali ya fita ko da laifinsa babba ne, marar hali ya ruɓe a ciki. Dokar Westminster ta 1275 ta zayyana laifukan da ake ba da beli a kansu da waɗanda ba a bayarwa, don a karɓe wannan zaɓi daga hannunsa. A 1689 majalisar Ingila ta ƙara da cewa kada a tsawwala kuɗin beli.

Wanda ya fi kowa tona yadda kuɗi ya dabaibaye harkar shi kansa sherif ne. A 1773 aka naɗa John Howard babban sherif na Bedfordshire, ya kuwa yi abin da magabatansa ba su saba yi ba, ya shiga kurkukun da ƙafarsa. Ya tarar da mutanen da kotu ta wanke an mayar da su ciki saboda ba su biya kuɗin sallama ba, don yari ba shi da albashi, da abin da ya tatsa daga fursunoni yake ci. Howard ya roƙi mahukuntan gunduma su yanka wa yari albashi. Suka ce ya kawo musu misalin inda ake yin haka. Ya hau doki ya zaga gundumomin maƙwabta, bai sami misalin ba, sai ma abin da ya fi nasa muni. A 1774 majalisa ta soke kuɗin sallama ga wanda aka wanke, a 1777 kuma Howard ya wallafa littafinsa kan halin kurkukun ƙasar. Zuwa 1877 gwamnatin tsakiya ta karɓe gidajen yarin Ingila baki ɗaya, sherif ya zama mai sarautar ado.

A Amurka ba haka ta kasance ba. Turawan da suka zauna a Virginia sun kafa gundumomi takwas a 1634, kowace da sherif ɗinta, kuma bayan 'yancin kai jihohi suka mai da muƙamin na zaɓe, da yawa suka rubuta shi cikin tsarin mulkinsu. Shi ya sa magajin gari yana iya korar shugaban 'yan sandansa, amma sherif sai dai a kayar da shi a akwatin zaɓe ko a bi doguwar hanyar tsigewa. Alaska ba ta da sherif, Connecticut kuwa ta soke nata na gunduma a 2000.

Tsohuwar al'adar ci daga jikin fursuna ita ma ta tsallaka teku, ta kuma yi tsawon rai. A Alabama doka ta daɗe tana barin sherif ya riƙe rarar kuɗin abincin fursunoni a matsayin nasa. A lokacin jiha tana biyan dala 1.75 a kan kowane mutum a rana, duk abin da ya rage na mai mabuɗi ne. A Janairun 2009 wani alƙalin tarayya ya sa aka kulle Greg Bartlett, sherif na gundumar Morgan, ya kwana ɗaya a tsare, bayan fursunoni ramammu sun ba da shaida a gaban kotu, shi kuma ya amsa cewa ya sami fiye da dala 200,000 daga rarar a cikin shekara uku. Sai a 2019 jihar ta toshe wannan kafa. A Arizona kuma Joe Arpaio na gundumar Maricopa ya kafa tantuna a 1993 ya zuba fursunoni ciki a zafin hamada, ya sa musu kamfai ruwan hoda, masu zaɓe kuwa suka yi ta mayar da shi har 2016.

Dokokin zaman gidan waƙafi, wato lokacin ƙirga, ranar ziyara, wasiƙa, kiran waya da abin da ake saya a kantin ciki, sherif ne ke tsara su a ƙarƙashin ƙa'idojin jiha. Sabon shiga ana ɗaukar hotonsa da zanen yatsunsa, a karɓe wayarsa da ɗamararsa, a ba shi kayan gida. Kotuna sun daɗe suna kawar da kai daga abin da ke faruwa bayan ƙofa. A 1976 Kotun Ƙoli ta ce yin biris da rashin lafiyar fursuna da gangan ya saɓa wa tsarin mulki. A 1979 ta ce ba a azabtar da mai jiran shari'a, amma ta bar wa gandirobobi fili mai faɗi da sunan tsaro. A 1991 ta ce wanda aka kama ba da takardar izini ba, alƙali ya duba dalilin kamun cikin awa 48. A 2012 kuma ta yarda a tuɓe mutum tsirara a caje shi ko da ƙaramin laifi ya kawo shi.

Gyara na takwas ga tsarin mulki, na 1791, ya kwafi haramcin tsawwala beli daga Ingila. Abin da Amurka ta ƙirƙiro da kanta shi ne dillancin beli. Mutanen da suka yi ƙaura zuwa yamma ba su da dangin da za su tsaya musu, sai 'yan kasuwa suka cike gurbin; ana danganta farkon sana'ar da 'yan'uwa biyu, Peter da Thomas McDonough, a San Francisco a ƙarshen ƙarni na 19. Idan alƙali ya yanka dala 5,000, iyalin mutum su ba dillali kashi 10 cikin 100, shi kuma ya lamunce wa kotu dukan kuɗin. Wannan dala 500 ta tafi ke nan, ko da gobe aka janye ƙarar. In mutum ya gudu, dillali na da ikon tura mafarauta su kamo shi. Ban da Amurka, Filifin kaɗai ce ke da irin wannan kasuwa. Najeriya, wadda ita ma ta gaji dokar Ingila, ta tsaya a kan mai tsayawa, kuma sherif a wurinta jami'in kotu ne mai zartar da hukunci, ba ya riƙe da gidan yari.

Yunƙurin gyara ya fara da gaske a 1961, lokacin da Louis Schweitzer da Herbert Sturz suka kafa gidauniyar Vera suka gwada wani abu a Manhattan: a tambayi mutum aikinsa, iyalinsa da adireshinsa, in yana da tushe a sake shi a kan alkawari kawai. Mafi yawansu suka dawo kotu da ƙafarsu. Wannan ya kai ga dokar tarayya ta 1966 da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu. Tsoron miyagun laifuka ya juya akalar a 1984, aka ba alƙalan tarayya ikon tsare wanda suke ganin haɗari ne ba tare da beli ba, Kotun Ƙoli ta amince a 1987. A kotunan gunduma dai kuɗi ya ci gaba da magana.

A Yulin 2015 aka kama Sandra Bland a Texas bayan an tsayar da motarta a hanya. An yanka mata belin dala 5,000, kafin a haɗa kason dillali aka tarar da gawarta a gidan waƙafin gundumar Waller, kwana uku bayan kamun. Texas ta yi doka da sunanta a 2017 kan kula da masu larurar ƙwaƙwalwa a tsare. A shekarar ce wata alƙaliyar tarayya ta yanke cewa yadda gundumar Harris, inda Houston yake, ke tsare matalauta kan ƙananan laifuka ya saɓa wa tsarin mulki, New Jersey kuma ta kusa daina yanka kuɗi kwata-kwata. Kentucky ta haramta dillancin beli tun 1976, haka ma Oregon da Wisconsin ba sa barin sa. Illinois ce ta fara soke belin kuɗi gaba ɗaya, a Satumbar 2023, duk da cewa masu gabatar da ƙara da sherif-sherif da dama na jihar sun kai maganar kotu don su hana.